Randa Mai Lamba Tara

Duk wanda ya san ni a Kwarin Gamji ya san ba ni da haƙuri. Ni ce Aina'u 'yar Malam Muntaka, mai ƙuli-ƙuli, wadda ta taɓa tare motar kasuwa a kan hanyar Bagwai saboda direba ya taka mata faranti. Aurena biyu, duka biyun bakina ne ya dawo da ni gida, kuma ban taɓa musu ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce tsoro halina ne. Sau ɗaya tak na haɗiye magana a rayuwata, kuma a ranar da ya kamata in tara wa garin nan jama'a da ihu.

Ƙanena Khalilu shi ne ɗan bokon gidanmu. Yana koyarwa a jami'a cikin birni, amma in ka tambayi mutanen garinmu aikinsa, sai su ce maka kiwon katantanwa, su kuma bushe da dariya. Dakta Katantanwa suke ce masa. Gaskiyarsu ce, shekara bakwai ya yi yana kiwonta. Ba manyan nan na damina ba, 'yan ƙananan nan na ruwa da ba su wuce farcen ɗan yatsa ba, masu manne wa ciyawa a bakin kanal.

Kanal ɗin nan da ya taso daga dam shi ne arzikinmu, shi ne kuma masifarmu. Da shi muke noman rani, albasa da tumatir da shinkafa. Da shi kuma tsargiya ta shigo. A garinmu namijin da bai taɓa fitsarin jini ba sai dai baƙo, har ba a ɗauke shi ciwo ba. Ana raba magani, a sha, a warke, a koma ruwa, ta dawo. To wa zai yi noman rani bai jiƙa ƙafa ba? Babanmu shekara arba'in ya yi a cikin ruwan nan har gwiwa. Da ƙarfi ya ƙare aka kai shi asibiti a birni, suka ce ciwon ya daɗe yana cin mafitsara har ya zama daji. Aka dawo mana da shi gida da ledar magani.

Khalilu ne ya fahimtar da ni cewa tsutsar tsargiya ba ta iya wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Dole sai ta sauka a jikin katantanwa, ta yi kwanaki tana hayayyafa a ciki, sannan ta fito ta nemi ƙafar mutum. In babu masauki, babu ciwo.

Shekara biyu kafin rasuwar Baba, wani zafin bazara ya kashe masa rabin katantanwarsa a inda yake ajiye su a birni, domin wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba. Sai ga shi da rana tsaka a bayan motar kurkura, ya rungume bokitai kamar mai jego. Na yi masa tas. Na ce mutane na kawo wa iyayensu buhun shinkafa, kai ka kawo mana ƙazantar kanal. Baba ne ya ce in rufe masa baki. Ya ba shi inuwar tsamiyar da ke bayan ɗakin Inna, ya kuma lallaɓa da sandarsa har kasuwa ya zaɓo randuna goma sha biyu, yana ƙwanƙwasa kowace yana saurare. Khalilu ya rubuta wa kowace lamba da jan fenti a cikin bakinta. Ashe ruwan randa ya fi musu duk wata na'urar sanyi.

Shi yana birni, sai ƙarshen mako yake zuwa. To wa aikin zai faɗa wa? Ni mai surutun. Kullum da safe in marmasa musu busasshen latas. Bayan kwana uku in rage ruwa in ƙara wanda ya kwana. Ba na taɓa su da hannun da ya taɓa sabulu, domin ɗigo ɗaya ya isa ya gama da randa guda. Har kwalbar jan farce ya sayo min, ni da ba na shafawa saboda alwala, don in riƙa ɗiga wa waɗanda ya zaɓa alama a baya. Ina yi ina mita. Amma ranar da na fara ganin ƙwansu, wani ɗan yauƙi mai haske manne a jikin randa da ɗige-ɗige a ciki, sai da na kira Inna ta zo ta gani.

Wata Asabar ya zo da madubin nan nasa mai ido ɗaya da ake ganin ƙananan abubuwa. Ya girke shi a kan turmi kusa da tabarmar Baba. Ya tsokani katantanwa ɗaya da tsinke, ta shige cikin ɓawonta, sai ga wani ɗan ɗigo ja ya fito.

"Jini ne wannan?" na ce.

"Jini ne, Yaya. Ja kamar naki. To ke a ina ake yin naki jinin?"

"A zuciya mana."

"A ɓargo," in ji shi. "Cikin ƙashi. Ita kuwa ba ta da ƙashi, ba ta da ɓargo. Amma a gefen zuciyarta akwai wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero ba. A nan take ƙera masu gadin jikinta. Sa ido ki gani."

Na sa ido. Da farko haske kawai na gani, sai can na ga wasu abubuwa marasa kai marasa ƙafa suna miƙa hannu suna jan jiki a hankali. Ya ce su ne ƙwayoyin da ke tsaron jini. In tsutsa ta shiga jikin yawancin katantanwa, sai masu gadin nan su wuce ta kamar ba su gan ta ba. Amma akwai 'yan kaɗan da nasu masu gadin ke gane ta. Sai wurin nan na gefen zuciya ya kumbura ya shiga aiko da sababbi, su taru a kanta, wani a kan wani kamar ɓawon albasa, har ta mutu a tsakiya.

"Irinsu suna jikinki," ya ce. "Suna jikin tana da fara da ƙudan zuma. Tun babu wata halitta mai ƙashi a duniya suke wannan aikin. Da tafiya ta yi nisa aka samu masu ƙashi, sai aikin ya koma cikin ɓargo. Amma tushen ɗaya ne."

Baba da muke zaton barci yake sai ya buɗe ido.

"Wato ni da katantanwa dangi ne?"

"Ta wajen jini, Baba. Amma da nisa sosai."

Baba ya yi dariya har sai da ya dafe mara. "Allah mai yin yadda ya so. To ku riƙa kula min da dangi."

Daga ranar bai ƙara kiransu da wani suna ba.

Abin da Khalilu yake yi ba shi da wuyar faɗi, yinsa ne wahala. In suka haihu sai ya ɗebi wasu daga 'ya'yan kowace randa ya kai birni, ya haɗa su da tsutsar, ya jira makonni ya ga na wace randa ne suka fi kashe ta. Waɗannan dangin su zai bari su hayayyafa. Haihuwa bayan haihuwa, har sau ashirin da uku. Da ya fara, huɗu ne kawai a cikin ɗari ke kashe tsutsar. A randa mai lamba tara kuwa an kai casa'in. Burinsa in an gama duk gwaje-gwaje, hukuma ta yarda, a zuba irinsu a kanal su cika shi, tsutsa ta zo ta rasa masauki. Bai taɓa yi min ƙarya ba. Ya ce mai yiwuwa abin ya ƙi. Amma ni na riga na sa rai, kuma na san shi ma duk rayuwarsa tana cikin randunan nan. Ko aure bai yi ba, yana ta cewa sai an kai haihuwa ta ashirin da biyar.

Kuskure ɗaya ya yi, shi ma da kyakkyawar niyya. Ya sha tsayawa a ƙofar masallaci bayan Juma'a yana gaya wa mutane cewa katantanwa ce ke ɗauke da tsargiya. Wannan rabin maganar ta shiga kowane gida. Ɗaya rabin, cewa nasa daban ne, kuma babu tsutsa ko ɗaya a randunanmu, a ƙofar masallacin ya tsaya. Goggo Ramlat, ƙanwar Baba, mace ce mai kirki da hannu a buɗe, kowane suna da kowace rasuwa a garin nan ita ce a bakin murhu. Amma duk sanda ta zo duba Baba sai ta leƙa bayan ɗaki ta tofar da yawu.

"Abin da ke cin ɗan'uwana shi kuke kiwo a bayan ɗakinsa," ta ce min wata rana. "Ku ji tsoron Allah."

Na mayar mata da magana son raina. Sati biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Baba ya rasu ranar wata Asabar a tsakiyar bazara. Khalilu ya zo tun Alhamis, da niyyar ranar Litinin zai ɗebi rabin randa ta tara ya kai wa wani abokin aikinsa a wata jami'ar, don kada a ce duka suna wuri ɗaya. Waɗanda ke birni duk sun ƙare a gwaji. Duk abin da ya tara a shekara bakwai yana gindin tsamiyar nan.

Da hantsi na kai wa Baba koko. Ya kurɓa sau biyu ya ture kofin.

"Kin ba dangina abinci?"

"Sai na gama da kai, Baba."

Ya yi murmushi ya juya fuska wajen bango. Ina tsaye da kofin a hannu na ji numfashin ya canza. Kafin in kira Khalilu daga zaure ya shigo, sai dai ya tarar da kalmar shahada ta ƙarshe.

Wanda bai san garinmu ba bari in gaya masa. In aka yi maka rasuwa, gidanka ya tashi daga hannunka. Kafin a gama salati mata sun cika tsakar gida. Wata ta ɗauki tsintsiya, wata ta hura wuta, wata ta jiƙa geron gumba. Waɗanda aka yi wa mutuwar kuwa a ɗaki ake zaunar da su. Ba a tambayarsu ina gishiri, ba a tambayarsu ina ludayi, domin tambayar mai makoki rashin tausayi ne. Ni kaina na yi wa gidaje fiye da ashirin haka, kuma ina alfahari da shi.

Kafin a shigar da ni ɗakin Inna, Khalilu ya tare ni a bakin ƙofa. Zai shiga wajen wankan gawa tare da Liman. Idonsa ja wur.

"Yaya, ki sa ido a bayan ɗaki."

"Je ka," na ce. "Ina nan."

Aka zaunar da ni a tabarma. Inna ta kwantar da kai a cinyata, ta riƙe min wuyan hannu gam. Ni ce 'yarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa, a iya sanina ba ta taɓa jingina da ni ba sai ranar. Ɗakin ya cika maƙil, tsofaffi a gaba, sauran har bakin ƙofa. Kowa ta shigo ta durƙusa ta ce ya haƙuri, mu ce da godiya.

Tagar ɗakin Inna bayan gida take kallo. Ta nan na ji muryar wata mata tana gaya wa Goggo Ramlat saƙon da masu haƙa kabari suka aiko. A ƙasarmu gona ta haɗe da gona, babu dajin da za a sari itace, saboda haka da tukwane muke rufe kabari. A raba babbar tukunya biyu, a kifa a kan ramin, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. To bazarar nan an yi rashe-rashe, tukwanen da ake ajiyewa a maƙabarta sun ƙare, kasuwa kuma sai Laraba. Gawa kuwa ba ta jira. A daidai lokacin wani maƙwabci ya aiko da kura uku ta ruwa sadaka, 'yan garuwa na tsaye a rana suna jiran a juye a ba su jarkokinsu, randunan tsakar gida biyu sun riga sun cika.

Na ji Goggo ta ce, "Ga randuna nan goma sha biyu suna zaman banza."

Na yunƙura. Inna ta ƙara damƙe hannuna ba tare da ta san me take yi ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta dafa min kafaɗa ta mayar da ni.

"Zauna, 'yar nan. Yau ba ke ce da gida ba."

"Katantanwar Khalilu ce a ciki," na ce. "Kada a taɓa su."

Wajen mata talatin suka juyo suna kallona. Tsohuwar ta saki kafaɗata kamar ta taɓa wuta.

"Subhanallahi. Ubanki ko likkafani ba a sa masa ba, kina zancen katantanwa?"

Wata daga baya ta ce a yi mata uzuri, zafin mutuwa ne. Inna ta ɗago kai ta dube ni da kumburarrun idanu, ta ce a hankali, "Ke, don Allah. Ban da yau."

Sai na zauna.

Na sha juya wannan a raina har na gaji. Taku goma sha biyar ne daga tabarmar zuwa gindin tsamiya. Da na fizge hannuna na fita, da na tsaya a gaban randunan na buɗe bakin nan nawa da kowa ke tsoro, babu wadda za ta wuce ni. Da na ce a kawo bokitai a juye su tukuna, aikin minti goma ne. Da an yi shekara ana cewa Aina'u ta yi haukan katantanwa ranar mutuwar ubanta, to sai me? An faɗi abin da ya fi haka a kaina. Amma kunya ta kama ni, ni da ban san ta ba. Na dubi kan Inna a cinyata, na ce a raina wataƙila ɗaya ko biyu za su ɗauka, wataƙila daga lamba ɗaya za su fara.

Na ji an tuntsurar da ta farko. Ruwa ya tafi shaa a kan ƙasa. Sai ta biyu. Wata mata ta durƙusa a gabana tana ya haƙuri, na ce da godiya, kunnena na waje. Ta uku. Ta huɗu. Na ji ƙarar baro an tura shi ta kafar dangar baya, hanyar maƙabarta. Na ce shi ke nan, saura takwas. Sai na ji Goggo ta ce a kawo toka da sabulu da soso, a tafasa ruwa, kada a bar ko ɗaya da rai a gidan nan. Ta biyar. Ina ƙirgawa ina amsa gaisuwa. Har goma sha biyu na ƙirga, ban tsallake ko ɗaya ba, hawaye na zuba, matan na cewa Allah sarki, ta fi kowa shaƙuwa da shi.

Sai da aka fita da makara, mata suka miƙe suna salati, sannan na samu na zame. Rana ta take. Ƙasar gindin tsamiya ta zama caɓi, kumfa da toka sun bi ta ko'ina. Kajin unguwa sun taru suna ta tsattsaga. Inda aka tattaka, ɓawo ya farfashe, ga ɗige-ɗigen ja a cikin laka. Randuna takwas na jere a wanke tas, cike da ruwa mai kyau, an rufe kowace da faifai. Aikin Goggo ba ya da makusa.

Na durƙusa na shiga tsinta. Na kori kaji da zagi. Na tara wajen arba'in da ba su fashe ba a kwanon sha, wasu da ɗigon jan farcena a baya, na zuba musu ruwa na kai inuwa. Na zauna ina kallo ko ɗaya za ta fito da ƙahonta. Duk suka kwanta a gindin kwanon, baki a sama.

A haka Khalilu ya same ni bayan azahar. Ya baro maza a ƙofar gida ya zagayo ta baya. Laka ta bushe masa har gwiwar hannu, rigarsa duk jar ƙasa. Bai ga kwanon ba, domin na rufe shi da gefen zanena. Ya dubi randunan, ya dube ni, kuma wallahi babu tsoro a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Sannu, Yaya," ya ce. "Na san kin sha fama. A ina kika juye su?"

Na ƙara jan zanen a kan kwanon.

"Ni na shiga kabarin," ya ci gaba, yana kankare laka daga yatsunsa. "Ana miƙo min ina jerawa. Da aka miƙo ta wajen kansa sai na ga rubutuna. Tara. Cikinta da danshi, ga gansakuka, ga ƙwai manne a jiki, ya fi wuri ashirin. Haihuwa ta ashirin da huɗu ke nan. Har na kai hannu zan ɓalli gefen in sa a aljihu. Sai na ce haba, mutane na kallo, kuma Yaya na gida, ta kwashe iyayen, za su sake yin wani. Sai na kifa ta na liƙe da hannuna." Ya ɗan yi murmushi. "Na ce Baba ya tafi da danginsa. Suna ɗakinki ne? Kada su daɗe a roba, zafi zai yi musu yawa."

Na janye zanen.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya tsuguna, ya sa yatsa ya juya ɗaya, ya ɗauko ta ya kai hanci, ya mayar. Ya dubi lakar, ya dubi kajin. Sannan ya juya ya dubi kafar dangar nan da ke fuskantar maƙabarta, ni ma na duba. Na san lissafin da yake yi, domin shi ya koya min. Ƙwan nan in yana cikin danshi da duhu zai iya kai wa gobe da rai. Tafiyar minti goma ce. Ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Babu wanda ya furta maganar tone kabarin a cikinmu, kuma babu wanda zai taɓa furtawa, ko da garin duka zai ƙare da fitsarin jini.

"Kina ina?" ya ce. Ba da faɗa ba. So yake ya ji an kulle ni, ko na suma.

"Ina ɗaki. Ina ji."

Ya gyaɗa kai.

Sai ga Goggo Ramlat ta zagayo, idonta a kumbure, hannunta duk ya yi fari saboda toka. Tun safe ba ta zauna ba. Ta ɗage faifan randa ɗaya, ta cika moɗa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sha, ɗana. Ka sha rana. Ka yi wa ubanka abin da ɗa ke yi. Na kuma raba ku da masifar nan, kada ta ci wani a gidan."

Na buɗe baki. A lokacin ne bakin ya dawo, da ba shi da sauran amfani. Khalilu ya ɗaga min hannu. Ya karɓi moɗar ya shanye tas.

"Allah ya saka da alheri, Goggo," ya ce.

Bayan addu'ar bakwai ya koma birni. Madubinsa na nan a ƙarƙashin gadon Inna cikin akwatinsa, bai tambaya ba. Na taɓa ce masa in zai sake farawa zan shiga kanal da kaina in tsinto masa, ko dubu nawa yake so. Ya ce wancan karon sai da ya duba wajen dubu uku kafin ya samu iyayen farko, yana da shekara talatin, yana kuma da uban da yake so ya ga ƙarshen aikin kafin ya mutu. Ya ce in bar shi, Yaya. Yanzu koyarwarsa kawai yake yi. Yana zuwa da sallah, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo min atamfa. Bai taɓa ce min komai ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na samu abin ramawa, da wataƙila na huta.

Bana ma an buɗe ruwa, an dasa albasa. In na fito da farantin ƙuli-ƙuli ina hango mazan garinmu a kanal har gwiwa, manya da matasa. Mutane na cewa na yi sanyi tun rasuwar Baba, har ana yaba min.

Randuna takwas ɗin suna tsakar gida yanzu, a cikinsu muke shan ruwa. Fentin bai goge ba. Akwai ɗaya zuwa shida, akwai sha ɗaya da sha biyu. Ni nake cika su kullum da safe.